Tsohon Injin Mota A Matsayin Janaretan Gida: Dabara Ce Ko Ganganci?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wutar lantarki Arewa suka samu matsala har yawancin jihohinmu suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisun ma'aikata da 'yan kasuwa. Maganar kuwa ita ce, tun da ƙaramin janaretan fetur ba ya iya ɗaukar gida, babban na gas kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashi, me zai hana mutum ya sayi tsohon injin mota mai shan gas, ya kai wa masu walda su ɗora shi a kan gadon ƙarfe, a haɗa masa na'urar samar da wuta, ya huta? Masu wannan ra'ayi ba mafarki suke yi ba, domin kuwa ana yin haka, kuma duk wanda ya san kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya san cewa akwai hannayen da za su iya fiye da wannan. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne abin da aikin ya ƙunsa, da inda ribarsa take, da kuma inda yake iya cin dukiyar mutum ko ma ransa.

Dalilin da ya kai mu ga irin wannan tunani ba ɓoyayye ba ne. An kafa NEPA a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamban 2013 aka miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Suna ya sauya sau da dama, amma wutar da ke isa ga jama'a ta daɗe tana kai-komo a tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, shi ya sa kowane gida mai ɗan hali ya zama ƙaramar tashar lantarki.

Kafin mu shiga cikin ƙarafa, bari in ɗan taɓa fagen da na fi sani. Bahaushe yana kiran man dizal da suna gas, kuma ya samo wannan ne daga sunan da 'yan kasuwar mai ke kiran sa da shi a Turance, ba daga iskar gas ta girki ba. Don haka idan na ce injin gas a wannan rubutu, injin dizal nake nufi. Shi kansa mai gyaran injin, kalmar da aka aro masa ta fara ne da makaniki, sai harshe ya ji farkonta ya yi kama da na su Bakano da Bakatsine, ya mayar da ita bakanike, jam'i kanikawa, kamar dai wata ƙabila ce. A ganina harshen bai yi kuskure ba, domin mutane ne masu yarensu da ladubbansu da hanyar gadar da iliminsu. Su ne suka ba mu lagireto da salansa da totur da boris, kalmomin da ba wani kwamitin fassara da ya zauna ya ƙirƙiro, amma sun zauna daram a bakin kowa.

Me ya sa ake son injin gas musamman? Bajamushen nan Rudolf Diesel, wanda ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a 1897, ya gina shi ne a kan dabarar matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi. Babu fulogi, babu kabureto. Wannan matsi mai tsanani shi ya sa injin gas ke fitar da aiki mai yawa daga kowace lita fiye da na fetur, shi ne kuma ya tilasta a ƙera shi da ƙarfe mai kauri, wanda ke sa shi daɗewa. Wani abin sha'awa ga mu jikokin manoman gyaɗa shi ne, a baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Sai dai ba kowane injin gas ne ya dace da wannan aiki ba. A Nijeriya yawancin ƙananan motoci na fetur ne, saboda shekarun da aka yi ana tallafa wa fetur alhali an sakar wa kasuwa farashin gas. Injinan gas na ƙananan motoci sun fi zuwa ne a cikin kayan gwanjon Turai, inda a wasu shekaru kusan rabin sababbin motocin da ake saya masu shan dizal ne. To, a cikin waɗannan akwai tsofaffin yayi masu famfon mai na ƙarfe zalla, irin injin Marsandi 240D, da na Fijo 504 mai shan gas, da tsofaffin injinan Toyota na Hilux da Hiace. Waɗannan da an ba su mai da batirin tayarwa, shi ke nan. Akwai kuma sababbin yayi, waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansu, kuma kwamfutar ba ta yarda injin ya tashi sai ta gane makullin motar da sauran na'urorin da aka haɗa ta da su. Wanda ya sayi irin wannan don ya ga yana ƙyalli, ya sayo wa kansa ciwon kai, kuma wuya ne ya sami bakaniken da zai raba shi da shi a unguwa.

Kuskuren fahimta na farko da ake yawan yi shi ne zaton cewa ƙaramar altanetar da ke jikin injin mota ita ce za ta ba gida wuta. Wannan aikinta cajin batiri ne, wutarta ta bolt 12 ce, kuma duk ƙoƙarinta bai cika wuce kilowat ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne babbar altaneta ta daban, mai fitar da bolt 230, wadda sau da yawa kuɗinta yakan kai ko ya wuce na injin kansa.

A nan ne lissafi ke shigowa, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan lissafin ya rataya. Wutar da muke amfani da ita a gida ba ta gudana a hanya ɗaya kamar ruwa a kwata. Zuwa take yi tana dawowa, sau 50 a kowane sakan, kuma a kan wannan bugun aka ƙera firij da fanka da famfon ruwa da ake sayarwa a ƙasar nan. A Amurka sau 60 ne. Adadin bugun nan ya dogara kacokan ga saurin juyawar altaneta. Idan mai sandunan maganaɗisu biyu ce, dole ta juya sau 3,000 a minti ɗaya. Idan mai huɗu ce, sau 1,500. Ƙananan janaretocin fetur na cikin rukunin farko, abin da ya sa suke ihu kamar ana yanka su kuma suke saurin tsufa. Manyan na gas da ake gani a bankuna da asibitoci yawancinsu na rukuni na biyu ne.

Injin mota kuwa ba a yi shi don ya tsaya a kan gudu ɗaya ba, kuma ƙarfin dawakin da aka rubuta masa ba ya samuwa sai a can ƙololuwar gudunsa. Ɗauki misalin Marsandi 240D na farko. Injinsa mai lita 2.4 yana da dawaki 65, wato kimanin kilowat 48, amma sai ya kai juyi 4,200 a minti yake ba da su. Idan aka tsare shi a juyi 1,500, abin da zai iya bayarwa bai wuce kilowat 20 ba. A cire abin da fanka za ta ci, da abin da ke salwanta a matsayin zafi a cikin altaneta, a kuma yi la'akari da cewa injin ya tsufa kuma ba a son ya kwana yana aiki a ƙarshen ƙarfinsa, sai a ga abin da ya rage ya koma kilowat 12 ko 13. Altanetar da ta dace da shi ke nan ita ce wadda aka rubuta wa kVA 15, tun da a bisa al'ada kashi 80 cikin 100 na wannan lamba ne ke zama kilowat na haƙiƙa. Wanda ya ɗaura masa mai kVA 40 saboda ya ji an ce dawaki 65, zai ga injin ya durƙusa yana aman baƙin hayaƙi tun kafin a kai rabin lodin.

Hanyar haɗa su biyu ce. Ko dai a haɗa su kai tsaye, shaf da shaf, da roba mai ɗan lanƙwasa a tsakani, wanda ke bukatar saiti na gaske domin karkacewa kaɗan kan cinye boris cikin 'yan makonni. Ko kuma a yi amfani da fuli da bel. Hanya ta biyu tana ba da damar injin ya yi gudu a inda ya fi sakewa, misali juyi 2,100, a sa wa altaneta fulin da faɗinsa ya ninka na injin sau 1.4, sai ta sauko daidai 1,500. Aibinta shi ne bel yana santsi, yana sakwarkwacewa, yana kuma ja wa boris nauyi ta gefe ɗaya.

Yanzu mu zo ga abin da, a ra'ayina, ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. A cikin mota, ƙafar direba ce ke lura da totur: in an zo hawa ya ƙara takawa, in an zo gangara ya sassauta. A janareta babu direba, alhali hawa da gangara ba su ƙarewa. Duk lokacin da firij ya tashi ko aka kunna famfon rijiyar burtsatse, injin ya gamu da tudu ke nan, kuma tudu mai tsini, domin motar lantarki takan ja ninki biyar ko shida na wutar da take ci a daidai lokacin tashinta. Duk lokacin da aka kashe dutsen guga kuma, gangara ce. Na'urar da ke maye gurbin ƙafar direba sunanta gwamna, kuma ban san wani gwamna da ake bukatar adalcinsa a kowane sakan kamar wannan ba. Aikinta ta ji saurin injin, ta ƙara mai ko ta rage nan take don juyin ya tsaya inda aka ajiye shi.

Famfon man mota yana da nasa gwamnan a ciki, amma a yawancin ƙananan motoci an yi shi ne don ya hana injin mutuwa idan yana tsaye, ya kuma hana shi wuce iyakar gudu. Abin da ke tsakanin waɗannan biyu an bar wa direba. Saboda haka masu aikin gaggawa sukan ɗaure totur da waya ko su kafe shi da noti a inda suka ga mita ta nuna bolt 230, su ce an gama. Da rana, ana gwaji da ƙwan fitila biyu, komai lafiya lau. Da dare, lodi ya hau, gudu ya faɗi, bugun wuta ya sauko ƙasa da 45, kwamfaresar firij ta yi zafi tana gurnani. Can cikin dare a kashe manyan kaya, injin ya zabura, wuta ta haura, talabijin da cajar kwamfuta su tafi. Sai a ɗora laifin a kan altaneta ko a ce kayan zamani ba su da ƙarko. Maganin wannan shi ne ko dai a sami famfon mai irin na tarakta ko na injin masana'anta mai gwamnan da ke riƙe kowane gudu, ko a sayi gwamna na lantarki, wanda ke ƙirga haƙoran filawil da wata 'yar na'ura yana jan totur da kansa. Gwamna na ƙarfe yakan ɗan saki kaɗan idan lodi ya hau, shi ya sa ake saita shi a bugu 52 ba lodi domin ya sauko 50 idan an cika masa kaya. Ita ma altanetar tana bukatar tata na'urar daidaita bolt. Duk wanda zai yi tsumulmular kuɗi a wannan aiki, to kada ya yi ta a nan.

Sanyaya injin ma wani babi ne. Daga cikin ƙarfin da ke cikin litar gas, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke zama aiki, sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Mota tana samun iska kyauta saboda tana tafiya, shi kuwa wannan yana tsugune ne a lungu, wataƙila a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40. Yana bukatar lagireto babba, da fanka mai ƙarfi da aka yi wa kewaye don iskar ta ratsa ta cikinsa, da ɗakin da iska mai zafi ke fita ba ta dawowa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri. Kamfanonin janareta sukan ce a sauya baƙin mai bayan kimanin awa 250, amma tsohon injin mota mai ƙaramar ma'ajiyar mai ya fi son a gaggauta. Sannan tun da babu direban da zai ga jar fitila ta kama, wajibi ne a haɗa masa abin da zai kashe shi da kansa idan ƙarfin baƙin mai ya faɗi ko ruwa ya tafasa. Akwai ma wani haɗari da ya keɓanta da tsofaffin injinan gas: idan zobban fistan sun cinye sosai, injin yana iya fara shan baƙin mansa a matsayin makamashi, ya yi ta ƙara gudu ko an rufe masa gas, har sai ya tarwatse. Ba a tsayar da shi sai ta hanyar toshe masa iska, don haka ya kamata a tanadi murfin yin hakan tun ranar farko.

A ce duk an yi wannan daidai. Shin gidan mai karatu yana bukatar kilowat 12? Gida mai firij ɗaya, da fankoki biyar, da talabijin, da fitilun zamani marasa cin wuta, da ƙyar yake kai kilowat 2 idan ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki ba. Injin gas kuwa ba ya son zaman banza. Idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, cikinsa ba ya yin zafin da ya kamata, man ba ya ƙonewa duka, sai baƙin maiƙo ya riƙa tsiyaya daga salansa, nozul su daskare da toka. Ga kuma aljihu. Janaretan gas mai lodi daidai yakan ba da kimanin yunit 3 na wuta daga kowace lita. A 2024 litar gas ta haura naira 1,000, wato yunit ɗaya ya tashi a kan fiye da naira 330 a kuɗin mai kawai, ban da baƙin mai da gyara. A watan Afrilun wannan shekarar ne aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, ƙasa ta ɗauki kuka. Idan kuma injin mai lita 2.4 yana ɗauke da kilowat 2 kacal, a ƙiyasina zai sha wajen lita ɗaya da rabi a awa, yunit ya koma wajen naira 750. Mutum ya sayi raƙumi ke nan don ɗaukar buhun gero ɗaya.

Wannan ya sa nake ganin dabarar ba ta mai gida ɗaya ba ce. Ta fi dacewa da babban gidan gandu mai sassa da yawa, ko maƙwabta huɗu ko biyar da suka amince da juna har za su iya raba kuɗin mai ba tare da an kai ga mai unguwa ba, ko wurin walda da kafinta, ko gona mai famfon ban-ruwa, ko ƙaramin asibiti. Doka ma ba ta hana ba: Dokar Lantarki ta 2023 ta bar mutum ya samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba a wuri guda, ya kuma rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba tare da lasisi ba. Ga mai gida ɗaya kuwa, hanyar da ta fi ma'ana ita ce ya haɗa injin da batura da inbata, ya tayar da shi na awa uku ko huɗu da yamma yana cike da lodi, a yi guga, a ɗebi ruwa, a caja batura, sannan a kashe shi a kwana cikin shiru. Wanda ya riga ya sayi batura kuma zai tarar cewa faifan sola ne mataki na gaba, injin ya koma na ranar hadari da lokacin da ƙura ta rufe rana.

Akwai abubuwa uku da ba na jin ana sassauci a kansu, domin sun shafi rai. Dole a sa makunnin sauya layi, wanda ke raba gida da layin kamfani gaba ɗaya kafin wutar janareta ta shiga. Mai haɗa janareta da soket ɗin bango kai tsaye yana tura wuta waje ne, taransifoma kuma tana aiki ta kowane ɓangare, sai ta ɗaga bolt 230 ɗinsa zuwa 11,000 a kan wayar da wani ma'aikaci ya hau yana gyara da tabbacin cewa babu wuta. Dole kuma a binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da gadon injin, a sa bireka daidai da kaurin waya. Na uku hayaƙi. Mun sha jin labarin iyalan da aka wayi gari babu su saboda janaretan da aka shigar cikin gida don gudun ɓarayi ko ruwan sama. Gaskiya ne injin gas bai kai na fetur fitar da iskar nan mai kisa marar wari ba, amma yana fitar da ita, kuma a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin huhu. Bututun salansa ya miƙe sama ya wuce rufin ɗaki, nesa da tagar mai gida da ta maƙwabcinsa.

Abin da ke damuna a matsayina na malamin harshe shi ne, kusan duk ilimin da na zayyana a sama yana nan a garejojinmu, amma a warwatse, a bakin maigida zuwa kunnen yaronsa. Wannan ya san famfon mai kamar yunwar cikinsa amma bai taɓa jin labarin bugu 50 ba, wancan ya san waya amma bai san dalilin da ya sa injin ke tsiyayar da maiƙo ba. Kwalejojinmu na kimiyya da fasaha da ke Kaduna da Kano da sauran wurare suna da injiniyoyin da za su iya zama da kanikawa da masu nazarin Hausa su fitar da ɗan littafi mai shafi 40, da zane-zane, cikin kalmomin da masu aikin ke amfani da su, a kuma karanta shi a rediyo saboda waɗanda ajami kaɗai suka iya ko ba su iya karatun ba sam. Kuɗin wannan bai kai na taron bita guda ɗaya a otal ba.

Kafin a kai ga haka, wanda ya ƙuduri niyyar yin aikin ya nemi a tayar masa da injin da sanyin safiya kafin ya biya, ya ga ko yana tashi ba gardama, ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko hayaƙi na busowa da ƙarfi. Idan an gama haɗawa kuma, kada ya karɓa da gwajin ƙwan fitila. Ya sa a jona masa dutsen guga uku ko huɗu da famfon ruwa, a bar shi awa guda cur, a riƙa kunnawa ana kashewa, shi kuma idonsa na kan mitar da ke nuna bugun wuta da wadda ke nuna zafin ruwa. Idan allurar ta tsaya tsakanin 49 da 52, ya cika musu kuɗinsu.